Sun Ɗaga Aikin Hanya, Na Ɗaga Motata

Yau da safe, jama'a, na faɗo daga motata a ƙofar gidana, kuma motar a tsaye take, ko motsi ba ta yi ba. Na shiga na tayar da inji don ya yi ɗumi, na buɗe ƙofa zan sauko in ɗauko kiret ɗin ƙwai, na miƙa ƙafa inda ƙasa ta saba jirana, sai na tarar ƙasa ta yi ƙaura. Ban ankara ba sai ga ni a durƙushe, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙarƙashin mota. Maƙwabcina Tela ya leƙo daga shagonsa da tef a wuya. Ya yi mini sannu, ya tabbatar ban karye ba, sannan ya ce, "Direba, in gaisuwar manya kike koyo, ai ba su iso ba tukuna."

Ban ga laifinsa ba. Laifin ƙafata ne da ba a gaya mata an ɗaga motar ba. Faɗin yatsu uku kacal aka ƙara mata, amma ƙafa ba ta zuwa gareji, abin da ta saba shi ta sani.

Ga wanda bai san mu ba, motar a-kori-kura ce, tsohuwa, sunanta Gwaggo. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya raɗa mata sunan, wai don tana tari, tana mita, amma ba ta taɓa ƙin aike ba. Da ita yake ɗauko ƙwai daga gonakin kaji na bayan gari yana rarraba wa masu shaguna. Da ciwo ya fara cin ƙarfinsa sai ya koya mini tuƙi, yana zaune a gefe, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙofa, yana cewa in ciwon bai kashe shi ba birkina zai ƙarasa shi. Bara ya rasu. Ya bar mini yara, ya bar mini Gwaggo, ya bar mini hanyar unguwarmu. Biyun farko na gode. Ta ukun ce muke ta fama.

Ba wai an manta da hanyar ba ne, kada in ɗauki alhakin manya. Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle da kansa ya taɓa zuwa. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaura lasifika a kan falwaya. Aka miƙa masa shebur sabo fil, ya caka a ƙasa sau ɗaya, muka yi tafi har tafin hannu ya yi ja. Aka kawo gireda a bayan tirela, aka yi hoto da ita, aka mayar da ita a bayan tirelar, tayarta ko ƙurar unguwarmu ba ta taɓa ba. Tun daga nan kalma ɗaya muke ji: an ɗaga. Da damina an ɗaga sai ruwa ya ɗauke. Da rani an ɗaga, ɗan kwangila ya yi tafiya. Da ya dawo an ɗaga sai kwamiti ya duba rahoton kwamitin da ya duba ramukan. Ni dai ina yaba wa Mai Girma. An ce alkawari kaya ne, shi ya sa bawan Allah ya sauke nasa a unguwarmu ya tafi, kada ya yi masa nauyi.

Ramukan kuwa sun girma a gabanmu kamar 'ya'yanmu, har mun san halin kowanne. Babbansu shi muke kira Tafkin Mai Girma. Manyan motoci sun yi ta bi ta cikinsa har tayoyinsu suka haƙa kwari biyu, suka bar tudu a tsakiya, dogo kamar kunyar gona. Tela ya ce hanyarmu dai tana da kunya, masu hanyar ne ba a san inda suka ajiye tasu ba.

A kan wannan kunyar Gwaggo ta zauna watan jiya. Kafin ranar na wuni a layin mai, tun inuwata tana gabana har ta koma bayana, na samu ɗan abin da na samu. Washegari na yi lodi, na taho a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Ina shiga tafkin na ji wata ƙara daga ƙasa, mota ta tsaya cak. Cikinta ya hau tudu, tayoyi suna ta juyi a banza, salansa ta cire ta kwanta a laka. Ƙwai kuwa, na saman suka gaisa da na ƙasan. Ina tsaye ruwa har ƙwauri sai ga jiniya. Ayarin wani Ranka-ya-daɗe ne, motoci dogaye masu baƙin gilashi, waɗanda aka saya da kuɗinmu don kada jikinsa ya ji abin da hanyarmu take ciki. Suka ratsa ta gefe suka yi mini wanka da laka. Wani daga cikin masu rakiya ya sauke gilashi ya ba ni shawara kyauta, wai in kawar da wannan gwangwanin daga hanyar jama'a. A ƙarshe wani mai tifa ne ya ji tausayina ya ja mu da igiya har gida.

Da yamma Yaya Babba ya zo, wato wan maigidana. Kada ku ɗauka mugu ne. Tun rasuwar, shi ne mutum na farko da ke ƙwanƙwasa mana ƙofa in yaro ya yi zazzaɓi. Ya zauna a tsakar gida ya daɗe yana kallon igiyar da ba a ko kwance daga hancin motar ba. Ya ce motar nan dukiyar marayu ce, kuma duk ranar da aka jawo ta da igiya darajarta raguwa take. Gara a sayar tun tana da mai so, a saya mini firiza in zauna a gida ina sayar da ƙanƙara. Na tuna masa cewa wutar unguwarmu ma an ɗaga ta. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Maman yara, na ba ki wannan karon. Amma in aka sake kawo ta a igiya, dillali zan kira, kuma ba zan sake shawara da ke ba."

Na ce masa na ji, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ban iya gaya masa ba shi ne, har yau ban matsar da kujerar direba daga inda ƙaninsa ya bar ta ba. Dogo ne, ni gajeriya. Filo nake sawa a bayana don ƙafata ta kai birki. Wa zai sayi mota ya bar kujera a inda take?

Da gari ya waye na tafi wurin bakanikenmu, wanda duk unguwa ke kira Gobe-da-safe, don ko me ka kai masa amsarsa ke nan. Ya shiga ƙarƙashin Gwaggo ya fito yana karkaɗe riga. Ya ce tunda sun ɗaga aikin hanya, ni ma sai in ɗaga motar, a yi kunnen doki. Ya nuna mini sifirin na baya, waɗannan ƙarafan da aka jera falle-falle kamar zannuwa a akwati. Ya ce da can a lanƙwashe suke kamar baka, yanzu sun gaji sun miƙe, shi ya sa cikin motar ke jan ƙasa. Na tambaye shi abin da zan saya. Ya ce wannan kuma tsakanina da aljihuna ne, in je kasuwa in gani da idona in dawo mu yi magana.

A layin masu kayan gyara akwai wani da ake ce wa Orijina, don ko ruwan sha ya miƙo maka sai ya ce orijina ne. Ya ga mace ita kaɗai, ya share mini benci, ya kira ni Hajiya sau uku a numfashi ɗaya. Ya sa aka sauko da wani kwali mai hoton mota tana hawan dutse. A ciki akwai komai: sabbin sifirin, dogayen shokozoba huɗu, wato waɗannan sandunan da ke shanye tsallen mota, da notuna a leda suna ƙyalli. Ya rantse in na ɗaura wannan, Gwaggo za ta ƙetare rijiya ba ta sani ba. Da ya faɗi kuɗin sai na gode Allah da nake zaune. In na sayi kwalin nan, sai dai in sayar da motar in ɗaura wa kaina kayan.

Da ya ga fuskata sai ya jawo wata leda daga ƙarƙashin teburi. Wasu dunƙulen ƙarfe ne kamar sabulun wanki, marasa nauyi. Ya ce a cusa tsakanin sifirin da aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, mota ta tashi nan take, in ina son ƙarin tsawo a ɗora biyu-biyu. Araha kamar kyauta. Na ce zan yi shawara. A gida kuma Tela ya ce me zai sa in ɓata kuɗi, ɗan gwaggonsa da katako ya ɗaga tasa. Na tambaye shi ina motar take yanzu. Ya ce ai ba katakon ne ya jawo ba, ƙaddara ce. Wata maƙwabciyar ta ce in kai wa maƙeri ya bubbuga tsofaffin sifirin su koma lanƙwasarsu.

Na kwashe duk wannan na kai wa Gobe-da-safe. Maganar ɗora dunƙule kan dunƙule, ya tambaye ni ko zan yarda in hau kujerar da aka ɗora kan wata kujera da kiret a kaina. Ya ce ranar da na taka birki da ƙarfi, ɗaya zai zame, aksul ya yi gabas mota ta yi yamma. Bugun maƙeri kuma ya ce yana yi, amma kamar cikon ramin da ake mana ne in baƙo zai wuce: kyau ranar farko, kafin damina ta fita ya koma gidan jiya. Da na ambaci katako kuwa, kallona kawai ya yi.

Abin da ya ce ya dace da mai ƙaramin ƙarfi shi ne a ƙara falle ɗaya a kowane gefe, a samo na hannu mai lafiya. Ƙarafan ɗauri, masu lanƙwasa kamar hannun bokiti, waɗanda ke riƙe sifirin da aksul, su kam dole sababbi, don rai ne a jikinsu. Gaba kuma a ɗan ɗaure noti ta taso, kada mota ta riƙa tafiya kamar akuya mai kiwo, fitila tana haska tururuwa. Sannan ya ce akwai falle gajere mai kauri, ya fi araha kuma ya fi ɗagawa, akwai dogo siriri. Na ce a sa mai araha mana. Ya ce to, amma mota za ta yi tauri kamar amalanke.

A nan na tsaya. Na ce masa ni ƙwai nake ɗauka, ba siminti ba. Me zai amfane ni in ƙetare tafki lafiya in isa shago da kiret cike da ruwan ƙwai? Muka tsayar da magana a kan dogon falle, tsawo kaɗan, ragowar abin da ke hannuna kuma ya tafi kan shokozoba biyu na baya masu ɗan tsawo, sababbi. Na gaba su yi haƙuri, ai kowa haƙurin yake yi. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta san marayu ba.

Neman fallen ne ya kai mu filin 'yan gwangwan, inda ake yanka matattun motoci. Jama'a, a can na ga inda arzikinmu yake kwana. Jere guda na a-kori-kura irin Gwaggo sak, sai dai ƙannenta ne na bayan baya, an kankare tambarin ƙofofinsu amma ana iya karanta inuwar rubutun. Mai filin ya ce na wata hukuma ce mai dogon suna, an saye su ne don zagayen duba hanyoyi. Da aka yi sabon shugaba ya ce launinsu bai yi masa ba, aka yi gwanjonsu aka sayo wasu. Gobe-da-safe ya leƙa ƙarƙashin ɗaya ya fito yana murmushi. Ya ce sifirin nan ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar Oga nauyi ba, kuma ga alama ba su taɓa ganin rami ba. Motar duba hanya ke nan. Muka zaɓi falle biyu, na biya ba tare da dogon ciniki ba. Don haka kada wanda ya sake cewa aikin hanya bai amfane ni ba. Ya iso gare ni, ta ƙofar baya.

Ranar ɗauri, wadda ta zo bayan gobe-da-safe da yawa, na zauna a kan tsohuwar taya ina kallo. Da aka warware sifirin sai wasu 'yan yankakkun robar tiyub suka zubo daga tsakanin fallayen. Bakanike ya ɗauka ya jujjuya, ya ce aikin marigayi ne, shi yake cusa su don kada mota ta riƙa kuka. Na tuna wata safiya da na yi ta masa faɗa ya ɗauke mini almakashi. Na ce a mayar da su yadda suke. Bai tambaye ni dalili ba, ya mayar.

Da aka sauke ta daga jak, Gwaggo ta tsaya kamar wadda aka yi wa albishir. Gobe-da-safe ya duba tiyon birki ya ga bai ɗame ba, ya ɗaure salansa, ya gyara saitin fitila. Ina cikin murna sai ya kira ni in durƙusa in leƙa. Ya nuna mini wata tukunyar ƙarfe a tsakiyar aksul na baya, ya ce in dube ta da kyau.

"Mama, wannan ba ta tashi ba, kuma ba za ta tashi ba. Duk abin da muka yi, na sama muka ɗaga. Na ƙasa yana nan inda yake, sai ranar da kika samu kuɗin manyan tayoyi."

Na ce masa ai wannan ba sai ya koya mini ba, a cikinsa aka haife ni. Kowace shekara muna jin an ɗaga albashin manya, an ɗaga ginin ofis, an ɗaga darajar wane zuwa wane. Mu tukunya muna nan muna gaisawa da duwatsu. Ya ce shi dai ba siyasa yake ba, in tukunyar nan ta daki tudu da ƙarfi ta fashe, ko igiya ba za ta kawo motar gida ba, sai an ɗauko ta.

Jiya aka yi ruwa da asuba, kuma jiyan ne Yaya Babba ya ce zai bi ni gona ya gani da idonsa. Sai da ya tattare riga ya kama ƙofa kafin ya hau, yana cewa an mayar da mota raƙumi. A tafiya ba mu da kaya, muka lallaɓa ta gefe. A dawowa ne magana take, da lodi har sama, ga gefen ya cika da motocin da suka maƙale. Muka iso bakin Tafkin Mai Girma, ruwa ya rufe kwarin biyu, kan tudun kawai ake gani kamar bayan kada. Na tsaya. Na ga Yaya ya ciro wayarsa ya riƙe a hannu, kuma na san lambar wa ke ciki.

In na bi kwarin kamar yadda kowa ke bi, tudun zai shiga tsakanin tayoyina, cikin mota zai wuce, tukunya ba za ta wuce ba. Ina kallon ruwan sai na tuna yadda maigidana yake shiga wurin nan. Bai taɓa bin sawun manyan motoci ba. Yakan ɗora tayoyin gefe ɗaya a kan tudun, ɗaya gefen a bakin hanya, mota ta karkace kamar za ta kwanta, ni kuma ina riƙe da ƙofa ina ce masa ya daina wasa da raina. Bai taɓa gaya mini dalili ba, dariya kawai yake yi. Ashe tukunya yake karewa.

Na sa giya ta ɗaya. Na hau tudun da tayar hagu. Gwaggo ta karkata, Yaya ya zamo ya dafe gilashi yana salati a hankali, kiret suka yi 'yar ƙara a baya suka yi shiru. Muka tafi kamar hawainiya, ruwa yana lasar ƙofa, ina jira in ji wannan ƙarar ta watan jiya. Ban ji ba. Tayoyin gaba suka kama busasshiyar ƙasa, na baya suka biyo.

Na tsaya a gaba kaɗan na sauka na duba kaya. Ƙwai ɗaya ne ya tsage, shi ma ina zargin tun daga gona. Da na dawo na tarar Yaya yana kallon waje ta taga, ya juya mini ƙeya. Muka ci gaba da tafiya. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Haka yake bi."

Na ce haka ne, Yaya.

Ya mayar da waya aljihu. Da muka iso gida ya sauka, ya zagaya motar, ya daki taya da ƙafa kamar mai saye. Ya ce tayoyin nan sun kusa ƙarewa, in lokacin canji ya yi in gaya masa, a sa masu ɗan girma, zai sa hannu. Maganar dillali ba ta sake fitowa ba, ni ma ban tayar da ita ba.

To, Gwaggo tana nan, ƙwai yana isa, Tafkin Mai Girma yana ƙara faɗi cikin ƙoshin lafiya. Sai dai wata mai shago da nake kai wa kaya ta raɗa mini cewa ta ji ana shirin sa haraji a kan motocin da aka ɗaga, wai mu ne muke ɓata hanya. Ban sani ba ko gaskiya ne, amma irin wannan aikin ba a cika ɗaga shi ba. In kun ga wani ya shigo unguwa da rasit da abin awo yana tambayar mota mai tsawo, don Allah ku ce masa Gwaggo ba a yi mata komai ba, tsawon gado ne, mai ita na asali ma dogo ne.